Yadda Za Ka Nuna wa Surukinka Birnin Rumawa da Babu Shi

Ɗan'uwa, idan ka cika baki a gaban mutumin da ɗansa yake neman 'yarka, ka ce a bayan gidanku akwai birnin Rumawa, shi kuma ya sayi tikitin jirgin ƙasa ya ce yana nan tafe ya gani da idonsa, to kwantar da hankalinka. Ka zo wurin masani. Ni Dandapani, mai tuƙa adaidaita sahu a Ariyankuppam, na bi wannan hanya daga farkonta har ƙarshenta, na fito da raina da mutuncina, ko dai mafi yawansa. Duk wanda ya bi matakan nan yadda na tsara su, na ba shi tabbacin za a yi baikon 'yarsa kafin rana ta faɗi. Ban taɓa ganin dabarar nan ta gaza ba, a sau ɗayan da aka gwada ta.

Mataki na ɗaya: Bari shi ya fara tsokanarka

Kada ka yi ƙarya haka kawai, wannan aikin marasa tarbiyya ne. Jira a takale ka.

Ni abin da ya faru shi ne, 'yata Pungodi, wadda take aikin jinya a Chennai, ta haɗu da wani yaro mai haɗa magunguna, Ilamaran. Suka so juna, suka kawo maganar gida kamar 'ya'yan kirki. Sai muka tafi Madurai gaida ubansa, Malam Sokkalingam, tsohon hedimasta, mutum mai farin zane da farar riga da farin gashi, wanda ko tari zai yi sai ya gyara zama. Ya ɗauke ni yini guda yana zagayawa da ni babban ɗakin ibadar garinsu, ƙasa tana ƙona min tafin ƙafa, kowace hasumiya muka iso sai ya tsaya ya ce, “To, Dandapani, ku a wajenku akwai irin wannan?”

Na ce babu. Ya sake tambaya, na sake cewa babu. Da muka zo hasumiya ta ƙarshe sai na ji bakina yana magana ba tare da ya shawarce ni ba.

“Mu ai ba mu cika damuwa da sababbin gine-gine ba, Malam. Birnin Rumawa ne a bayan gidanmu. Da safe idan na fito wanke baki, shi nake kallo.”

Ya tsaya cak. “Arikamedu?” in ji shi. “Kusa da Arikamedu kuke?”

Sunan kufan da ke bayan gidanmu ke nan. Ashe tarihi ya koyar duk rayuwarsa. Ka lura da wannan darasi: kafin ka yi wa mutum ƙarya a kan kifi, fara tambaya ko masunci ne. Ni na gano wannan hikimar a jirgi, a hanyar komawa gida.

Mataki na biyu: San abin da kake da shi

Je ka wurin kai kaɗai, ka duba da idon baƙo. Za ka ga bishiyoyin mangwaro. Za ka ga na kwakwa. Za ka ga awakin maƙwabciyarmu Govindammal, da kogi yana wucewa abinsa, da saurayi da budurwa a bayan wata bishiya suna yin kamar karatu suke. Shi ke nan ka gama gani.

Ba wai Rumawan ba su zo ba. Sun zo, shekara wajen dubu biyu ke nan, da jiragen ruwansu da tulunan giyarsu, sun yi ciniki sun tafi. Amma masu tonon kayan tarihi sun riga ka. Tun kafin a haife ni suka haƙa, suka kwashe tsingaron suka kai gidan tarihi a cikin birnin Pondi da ke kusa da mu, suka mayar da ƙasa suka rufe ramukan. Birnin yana nan, sai dai yana ƙasa, kuma ba ya karɓar baƙi.

Abu ɗaya ne a tsaye: wani kango na jan bulo mai ƙofa mai baka, wanda limaman cocin Faransawa suka gina shekaranjiya-shekaranjiyan nan, zamanin kakannin kakanninmu. Duk wanda ya zo daga nesa gabansa yake tsayawa ya ɗauki hoto, ya koma gida ya ce ya ga Rum. Mu 'yan gari ba ma gyara wa kowa. Mutum ya biya kuɗin mota ya zo, ba ladabi ba ne ka ɓata masa rai.

Wannan kangon shi ne jarinka. Sai ka bincika ranar da gidan tarihi yake rufe, ka ce wa baƙonka ranar ce mai duba taurari ya ce ta fi albarka. A gidan tarihi akwai alluna masu bayani, kuma tsohon malami ba ya wuce rubutu bai karanta ba.

Mataki na uku: Toshe bakin mutanen gida

Maƙiyin ƙarya ba a waje yake ba, yana cikin gida yana yanka albasa.

Na tara su na yi musu jawabi. Matata Kasturi ba ta ko ɗago kai ba.

“Birnin Rumawa,” in ji ta. “Kai da rufin bayan gida ya gagare ka gyarawa tun damina waccan, yau kai ne mai birni.”

Pungodi kuwa kuka ta sa. Ta ce, “Appa,” wato Baba, “ka san wane ne mutumin nan? Ya fasa auren babban ɗansa ana saura kwanaki, don dangin yarinyar sun ce kawunta yana da kanti, ya je ya tarar tebur ne a bakin titi. Ya ce ba teburin ne ya dame shi ba, ƙaryar ce. Ya ce wa Ilamaran idan ya zo ya ga gidanmu ya gamsu, ranar za a yi musayar farantin baiko. Idan bai gamsu ba, kada ya ƙara jin sunana.”

Ka gane ke nan abin da ke kan tebur. Farantin baiko, da ganyen taunawa da ayaba da kwakwa da sabon zane, yana ɗaki a rufe yana jira. Ko a miƙa shi da yamma, ko mu cinye ayabar mu kaɗai.

Na ce mata, “Ke dai ki yi shiru ki sunkuyar da kai. Kunya ake so a wurin amarya, ba tarihi ba.”

Saura tsohuwa. Uwata Irusammal ba ta san wani Rum ba, kuma ba ta neman sani. Ita abin da ta sani shi ne, idan aka yi ruwa mai ƙarfi gaɓar kogin tana tofo 'yan duwatsun ado na gilashi, ƙanana kamar na jigida, kuma tun tana yarinya suke tsinta. Yanzu sun yi wuya, sai a yi damina ba a ga ko ɗaya ba. Nata guda ɗaya ne, shuɗi. Babanmu ne ya tsince shi lokacin da yake nemanta, ya zura shi a zaren auren da ya ɗaura mata a wuya. Ranar da ya rasu aka cire mata zaren kamar yadda ake yi, ita kuwa ta yanke ɗan guntun da dutsen yake jiki ta ƙulle a bakin zanenta. Ba mai taɓa ƙullin nan. Ta sha faɗa mana cewa ranar da za a fitar da gawarta, a sa mata shi a tafin hannu.

Na ce, “Amma,” don haka muke kiran uwa a nan, “gobe ki zauna a gida ki huta.”

“To,” in ji ta.

Idan tsohuwa ta ce maka to ba gardama, ka tabbata ta riga ta gama shirinta.

Mataki na huɗu: Cika masa ciki

Ido ba ya aiki sosai idan ciki ya yi nauyi, wannan likitoci ma sun sani, ko da ba su rubuta ba. Shimfiɗa masa ganyen ayaba mafi faɗi. A zuba shinkafa, a malala miyar kifi mai tsamiya, a kawo soyayyen jatan lande, a bi da kindirmo. Idan ya ɗaga hannu ya ce ya ƙoshi, ka ce a garinku wannan alamar ƙari ce.

Malam Sokkalingam ya ci loma kaɗan, ya naɗe ganyensa, ya wanke hannu.

“Tun ina saurayi ba na cika ciki da rana,” in ji shi. “Yana kashe tunani.”

Ni ne na cinye sauran don kada a yi asara. Saboda haka idan ka ga a matakan gaba tunanina ya ɗan yi rauni, ka san dalili.

Mataki na biyar: Bi doguwar hanya

Daga ƙofar gidanmu zuwa kufan, tsohuwa ma da ƙafa take zuwa. Kada ka kuskura ka bi nan. Abin da aka samu a sauƙaƙe ba ya kwarjini. Ɗauko adaidaitarka, ka bi ta kasuwar kifi, ka zaga ta bayan makaranta, ka gangara bakin teku, ka dawo, ka tsaya ka tambayi wani hanya ko da ɗan ƙanwarka ne. So ake baƙo ya iso ƙashin bayansa yana ciwo, don mutum ba ya yarda ya sha wuya a banza. Ko fili ka nuna masa zai ga wani abu a ciki.

Da na fito na tarar da tsohuwa ta riga kowa shiga, ta zauna a tsakiya da lemarta. Haka muka tafi: Malam a dama, Pungodi a hagu, Amma a tsakani tana taunar ganye, Ilamaran a gefena rabin jikinsa a waje. Hadari yana haɗuwa ta wajen teku, na yi kamar ban gani ba.

Muna cikin tafiya Malam ya ce, “Dandapani, ba kai ka ce kana ganinsa daga inda kake wanke baki ba?”

“Da ido kusa ne, Malam. Da mota ne yake da nisa.”

“Wannan shagon mai shayin, ina ji mun wuce shi ɗazu.”

“Ƙaninsa ne. Kamarsu ɗaya.”

Tsohuwa ta tofar da ruwan ganye ta gefen Pungodi.

Mataki na shida: Yi aiki da hannu, ba da baki kaɗai ba

Da kun sauka, rage murya kamar an shiga ɗakin mara lafiya. Miƙa hannu ka share sararin sama da shi a hankali. Inda awaki suke kiwo ka ce nan ce kasuwa. Inda aka jibge ɓawon kwakwa ka ce fadar hakiminsu. Idan ya ce bai ga komai ba, ka buga ƙasa da dunduniya ka ce, “Kana tsaye a kansa.” Wannan maganar tana da daɗi don gaskiya ce, kuma ƙarya tana bukatar gaskiya kaɗan a ciki kamar yadda miya take bukatar gishiri.

Sannan ka tanadi abin taɓawa. Ni tun jajibiri na fasa tsohuwar tukunyar miyar Kasturi, na watsa gutsattsarin a gindin wani mangwaro, na bi da ƙasa sama-sama. Da muka iso wurin sai na yi tuntuɓe da gangan.

Malam ya durƙusa ya ɗauki tsingaro ɗaya da hannu biyu. Ya juya shi. Ya kai hanci.

“Ƙanshin kifi nake ji,” in ji shi.

Gumi ya karyo min. Pungodi ta rufe ido.

“An rubuta cewa Rumawa suna son romon kifi ƙwarai,” ya ci gaba a hankali, “har a tuluna suke yawo da shi. Amma ban taɓa zaton ƙanshin zai daɗe haka ba.”

“Ƙasar nan tana riƙe abu, Malam,” na ce.

“Da tsamiya ma,” in ji tsohuwa daga baya. “Da tafarnuwa. Matar Barumen nan hannunta ɗaya da na surukata.”

Na yi tari mai ƙarfi, na ja shi muka yi gaba.

Mataki na bakwai: Kai shi gaban bango, ka ja da baya

Wannan shi ne kan aikin. Kada ka ce bangon na Rumawa ne. Kai dai ka kai shi gabansa, ka yi shiru, ka sunkuyar da kai. Shi zai yi wa kansa ƙaryar, hannunka a wanke.

Haka na yi, kuma abin ya yi kyau har ya wuce yadda nake so. Malam ya tsaya gaban ƙofar nan mai baka. Ya cire takalmansa ya ajiye gefe, kamar zai shiga wurin ibada. Ya taka ƙayoyi da ƙafa ba takalmi, ya je ya ɗora tafinsa a kan jan bulon, ya shafa a idanunsa.

“Duk shekara sai na rubuta sunan wurin nan a allo,” in ji shi, ba tare da ya juyo ba. “Sakin layi ɗaya ne a littafin, ko hoto babu. Yara su ce, Malam, yaya wurin yake? In ce musu idan na je zan faɗa muku. Kuɗin makarantar 'ya'ya, ciwon uwarsu, wannan da wancan, har na yi ritaya ban zo ba.” Ya share ido da bakin mayafinsa. “Ilamaran, ɗauke ni hoto. Zan aika wa tsofaffin ɗalibaina, in ce musu ga shi, Malam ya cika alkawari. Ga bangon da Rumawa suka gina.”

A nan, ɗan'uwa, nasara tana hannunka. Abin da ya rage kawai shi ne kowa ya riƙe bakinsa na ɗan lokaci.

Ilamaran ya ɗaga waya. Sai na ji muryar 'yata.

“Malam, kada ka aika.”

Na harare ta, na ƙifta ido, na taka mata ƙafa. Ba ta ko dube ni ba. Hawaye yana zuba, amma muryar ba ta rawa.

“Ba Rumawa suka gina shi ba. Limaman Faransawa ne, kuma bai kai ko kusa da zamanin Rumawa ba. Abin Rumawa yana ƙarƙashin ƙasa, sauran yana gidan tarihi. Tsingaron da ke aljihunka tukunyar miyar mamata ce. Cikin ɗalibanka wani zai sani, zai yi maka dariya a bayan ido. Ba zan iya tsayawa ina kallo ba.”

Shawarata a nan ita ce: tun 'yarka tana ƙarama kada ka yawaita yi mata wa'azin gaskiya. Yara ba su san wasa ba, sai su ɗauka da gaske kake.

Mataki na takwas: Idan asiri ya tonu, kalli kogi

Kada ka yi bayani, kada ka yi rantsuwa. Nemi wani abu mai nisa ka zuba masa ido, kamar kana tunanin halin duniya.

Malam ya cire hannunsa daga bangon. Ya ciro tsingaron daga aljihu ya miƙo min, na karɓa. Ya koma ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kuma wannan sa takalmin ya fi min zagi ciwo.

“Yarinya, kin faɗi gaskiya, na gode,” in ji shi. “Amma ba mutum ɗaya ake aura ba, gida ake haɗawa da gida. Dandapani, kai ni tashar jirgi. Ta gajeriyar hanya, in akwai.”

Ilamaran ya ce, “Appa,” sai uban ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya yi shiru.

A lokacin ne ruwan ya sauko, irin na bakin teku mai zuwa ba sallama. Muka ruga ƙarƙashin bakan ƙofar muka cunkushe, mu biyar, ba mai kallon wani. Ka ga amfanin Faransawa ke nan. Ina jin kafaɗar Pungodi tana rawa a jikin tawa. Na so in ce mata wani abu, na laluba cikin bakin nan nawa da bai taɓa rasa magana ba, na tarar babu komai. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga da bakina na rushe wa yarinyar nan abin da ta gina.

Mataki na tara: Ka zo da tsohuwa

Na san a mataki na uku na ce ka bar ta a gida. An gyara wannan.

Da ruwan ya tsagaita, Amma ta naɗe lemarta ta nufi gaɓar kogi tana dogarawa, kamar yadda ta saba in an yi ruwa. Ta tsuguna inda ruwa ya zaftare ƙasa, tana kallo.

“Me take nema?” in ji Malam. Da Pungodi yake, ni ya daina ganina.

“'Yan duwatsun ado, Malam. Ruwa yakan fito da su.”

“Na gilashi? Ƙanana?” Ya gyara tabarau. “Wannan yana cikin sakin layin. Ba Rumawa suka kawo su ba, a nan ake yin su. Mutanen wurin nan ne suke narka gilashi su ja shi su yanka, jirage su ɗauka su kai ƙasashe.” Sai a lokacin ya juyo gare ni. “Ka yini kana nuna min inda baƙi suka zauna, ba ka ce min komai a kan masu gida ba.”

Na ci gaba da kallon kogi, ina kan mataki na takwas.

“Kafin in bar wurin nan,” in ji shi, “ina so in ga abu ɗaya na gaskiya da idona. Guda ɗaya.”

Ya tattare farin zanensa ya gangara. Tsohon hedimasta, wanda ko ƙura ba ta taɓa rigarsa, ya durƙusa cikin taɓo kusa da uwata yana bin ƙasa da ido. Ya ɗauko wani abu.

“Ƙashin kifi ne, ɗan nan,” in ji ta.

Ya ɗauko wani.

“Wannan na akuya ne. Yar da shi.”

Aka daɗe. Rana ta fara sunkuyawa, lokacin jirgi yana matsowa, gwiwoyinsa sun yi baƙi. Ni na san ba zai samu ba, don rabon da a tsinci ko ɗaya a gaɓar nan an jima. Ya dafa ƙasa zai miƙe, fuskarsa ta mutumin da aka yi wa ƙarya sau biyu a yini ɗaya.

Sai na ga hannun tsohuwa ya tafi bakin zanenta. Yatsunta suka kwance ƙullin da ba mai taɓawa. Ta yi kamar za ta gyara zama, ta dafa taɓo, ta ɗauke hannu. Na gani. Pungodi ma ta gani.

“Duba nan gefen,” in ji Amma. “Ni idona ya mutu.”

Ya duba. Ya sa yatsa biyu ya ɗauko, ya goge a farar rigarsa, ya ɗaga shi saitin rana. Shuɗi ne, haske yana ratsa shi. Bakinsa ya buɗe kamar na yaro. Sannan ya matso da shi kusa da tabarau, ya ga abin da ni ma na hango daga inda nake: ɗan guntun zare mai launin kurkum yana leƙowa ta hujin.

Ya dubi zaren. Ya dubi bakin zanen tsohuwa, wanda har yanzu yake a murɗe, babu komai a ciki. Ya juya wajen 'yata.

“Ke da ba kya ƙarya. A ƙasar nan aka tsinci wannan?”

Pungodi ta dubi kakarta.

“A nan aka tsince shi, Malam. A wannan gaɓar.”

“To,” in ji shi. “Ban tambaye ki yaushe ba.” Ya koma ga tsohuwa, ya sassauta murya. “Amma, shekara dubu biyu a cikin taɓo, zaren bai ruɓe ba.”

“Zaren da ne,” in ji ta. “Ba irin na yanzu ba.”

Malam Sokkalingam ya yi dariya har ya zauna daɓas cikin taɓo, yana dariya yana share ido. Da ya natsu sai ya kama hannunta, ya buɗe tafin, zai mayar mata. Ta dunƙule hannun ta ɓoye a bayanta.

“Wanda ya tsinta shi ke da shi. Haka ake yi a nan. Wanda ya fara tsintarsa a wuyan amarya ya sa shi.”

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kira ɗansa, ya sa masa dutsen a hannu, ya naɗe yatsunsa a kai.

“Riƙe da kyau. A zaren da za ka ɗaura mata za a zura shi.” Ya miƙo min hannu in tashe shi. “Dandapani, ina farantin nan? Sharaɗi ɗaya: daga yanzu har a gama biki, idan baƙo ya tambayi wani abu game da garin nan, uwarka ce za ta amsa.”

Muka koma ta gajeriyar hanya. Kafin ya gama kakkaɓe zanensa mun iso, ya dubi ƙofar gidan, ya dubi bishiyoyin mangwaron da ke bayanmu, ya ce, “Ashe wannan ɗaya gaskiya ka faɗa.”

Mataki na goma: Karɓi yabo

An yi musayar faranti kafin rana ta faɗi, kamar yadda na yi maka alkawari tun farko. Idan maƙwabta suka tambaya yadda aka yi, ka ce tsari ne. Ai da ban kai shi ba da bai durƙusa ba, da ban yi ƙaryar ba da yarinyar ba ta sami gaskiyar da za ta faɗa ba. Kasturi ta ce wannan lissafin ya yi kyau, saura in sayo mata tukunya.

Da baƙi suka watse na tarar da Amma zaune a bakin ƙofa, yatsunta suna murza bakin zanen nan, inda ƙullin yake da. Na zauna kusa da ita. Na ce, “Amma, to ranar da za a fitar da ke fa? Me za mu sa miki a hannu?”

“Ubanka ya san ni ba da dutse ba,” in ji ta. “Tashi ka gyara rufin bayan gida, baƙi za su zo biki.”

Sanarwa ta ƙarshe

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. Idan surukinka ya karanta allon gidan tarihi, ko tukunyar da ka fasa ta gadon matarka ce, ko mai gadi ya kama ka kana tono a inda doka ta hana, kada ka ambaci sunana, ban san ka ba, ban taɓa ɗaukar ka a adaidaitata ba. Matakan nan duka na ba ka su kyauta, kuma kowanne za ka iya yin sa da kanka, ban da guda ɗaya. Kafin ka buɗe baki a gaban kowace hasumiya, leƙa ka duba ko a gidanku akwai tsohuwar da za ta kwance ƙullin zanenta saboda kai. Idan babu, ka ce wa mutumin mangwaro ne a bayan gidanku.